Sawun Hannun Inna a Jikin Bango

Daren jiya na yi wani mafarki, 'yan uwa, kuma har yanzu da nake rubuta muku wannan tafin hannuna na dama bai daina jin girgizar inji ba. An ce mafarki ba a kai shi kasuwa, sai wurin masu ƙaunarka, shi ya sa na kawo shi wannan zauren namu. Amma bari in fara gaya muku abin da ke ƙasa, in ba haka ba za ku ce Saratu tuwo ta cika wa cikinta ta kwanta.

Waɗanda suka san ni sun san ina da injin huda bango, irin mai batir ɗin nan da ba ruwansa da jan waya, mai kama da ƙaramar bindiga. Asalinsa na maigidana ne, Abban Amira. Ya kawo shi da zumuɗi, ya huda rami ɗaya a karkace, ya mayar da shi akwatinsa ya tura ƙarƙashin gado. Ni kuwa na gaji da jiran kafintan da kullum yana hanya, ranar nan na jawo akwatin na zauna da 'yar takardar da ke ciki ina bin hotunan. Na fara da ƙarfen labulen ɗakin yara. Daga nan sai kantar kicin, sai ragar sauro a tagogi, sai ƙofar banɗaki da ta daɗe tana jan ƙasa. Yanzu in za a yi jeren amarya a layinmu ni ake aiko wa, a ce, "A gaya wa Injiniya ta taho da bindigarta." Na san bakin da ake huda siminti da shi, na san na katako, na san kukan da injin yake yi in batir ya fara sanyi. Abin da na kafa dai bai taɓa faɗowa ba, alhamdu lillahi.

To, Innarmu ta faɗi. Mahaifiyata ke nan. Tana zaune a tsohon gidanmu na cikin gari, wanda marigayi Baba ya gina da hannunsa. Akwai dangi a sauran sassan gidan, ni ma kullum sai na leƙa, amma ranar tsautsayi ba kowa a kusa. Za ta alwala ta zame a bakin rariya, ƙugu ya bugu. Ba karaya, Allah ya tsare, sai dai tun daga nan tafiya ta zama sai da lallaɓawa. Da Yaya Sani, babban wanmu, ya ji, ya ce magana ta ƙare, yau Asabar zai taho daga Abuja ya ɗauke ta ta koma wurinsa gaba ɗaya. Ya kira a waya, na kara mata a kunne, ya gama bayaninsa, ta ce, "To."

Shi ya ɗauka ta yarda. Inna kuwa irin mutanen da ce. Yaya Sani ɗan farinta ne, tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, in ya shigo gaisuwa bango take kallo tana amsawa. In ambatonsa ya kama sai ta ce "mutumin Abuja". Ta yaya za ta buɗi baki ta ce masa a'a? Ni ce auta, ni take yi wa hira. Da na kashe wayar ta daɗe tana murza bakin zaninta, can ta ce, "Auta, a can wa zan ce ya miƙo min buta?"

Shi ne na ƙudurta a raina zan kafa mata ƙarfen dafawa a jikin bango, tun daga ƙofar ɗakinta har banɗaki. Yaya ya zo ya tarar an gama, ya ga tana kai kanta tana dawowa, ya rasa hujja. Na sa an yanko min fayif, na tanadi notuna, na sa batir a caji. Abu ɗaya ke ci min rai: bangon ginin ƙasa ne aka shafe da siminti, kuma na san noti ba ya kama ƙasa. Da wannan tunanin na yi addu'ata na kwanta.

Sai na gan ni a tsakar gidanmu. Rana tsaka ce, haske ko'ina, amma babu abin da ke da inuwa, har darbejiyar bakin rijiya. Ina sanye da hijabin Islamiyya, ƙafata ba takalmi, injin yana hannuna. Bai yi nauyin da na saba ba, kamar ludayi na riƙe. Bangon da ke tsakanin ɗakin Inna da banɗaki, wanda a ido biyu 'yar tafiya ce kaɗan, ya miƙe ya yi tsawo kamar titi, ban hango ƙarshensa ba. Ban ji tsoro ba. Na ce a raina ko Zariya ya kai sai na kafa.

Na zaro tef zan auna tsayin da zan sa ƙarfen. Ina ja, sai kawai lambobin suka sauko daga jikinsa suka bi bango a jere kamar tururuwa, suka shige wata tsaga. Na tsaya ina kallon inda suka shige, a nan idona ya faɗa kan wani abu da a zahiri ma yana nan, na sha wucewa ta gabansa ban lura ba. Wani dogon layi ne mai duhu yana sheƙi a jikin simintin. Sawun hannun Inna ne, man kaɗanyar da take shafawa da guminta. Ashe tun kafin ta faɗi ta daɗe tana dafa bangon nan ba wanda ya sani. Layin bai miƙe ba. Daga ƙofarta ya taso, ya sauko a wajen randa inda take sunkuyawa, ya sake hawa, kuma duk yana ƙasa da inda na yi niyyar sa ƙarfen da kusan taƙi guda. Na jefar da tef ɗin na ce ga ma'auni nan.

Na yi bismillah na ɗora bakin injin a kan layin na danna kunamarsa. Ya ci simintin da ƙara, sai ya faɗa ciki zuruf kamar an soka tsinke a tuwo. Na zaro. Sai kawai gero ya fara zubowa daga ramin, tsabarsa, da ɗumi, yana taruwa a kan ƙafata. Kajin Inna suka taho a guje, har da wata wake-wake da aka yanka tun sunan Amira, na gane ta da ɗingishinta. Na cusa fisha, 'yar robar nan da ake sa wa rami don noti ya sami abin kamawa. Bangon ya haɗiye ta. Na sa wata, ya haɗiye. Dariya ta kama ni, na ce, "Kai bango, yunwa kake ji ne?"

Na matsa gaba na sake hudawa. Wannan ramin iska ce ta fito daga ciki, da ƙamshin turaren wuta da hayaniyar mata. Na kara ido. Ɗakunan amaren da na yi wa aiki ne a jere cikin bangon, ƙanana kamar gidan ashana, kowanne da labulensa yana kaɗawa. Wata murya tana ta kira daga ciki, "Injiniya! Injiniya, a ɗan ɗaga na hagu!" Na ce, "Ku yi haƙuri, yau aikin uwata nake yi." Aka rangaɗa guɗa, ramin ya rufe kansa.

Sai kawai na ji sanyi a tafin ƙafata. Na duba, tayil ne. Ina gidan Yaya Sani na Abuja, a wani falo da ban san shi da shi ba, ƙasa tayil, bango tayil, har sama, fari fat. Ga Inna a kan wata doguwar kujera, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba, suna lilo kamar na yarinya. An yi mata sabon ɗinki, an ɗaura mata ɗankwali irin ɗaurin da ba nata ba. Anti Maryam, matar Yaya, mace mai kirki wallahi, ta durƙusa a gabanta da faranti.

"Inna, a kawo shayi ko kunu?"

"To."

"A kunna fanka ko a bar ta?"

"To."

Muryar ba daga bakinta take fitowa ba, daga bangon take dawowa. Na hango butarta, tsohuwar nan ta ƙarfe mai lanƙwasasshen baki, a can ƙarshen falon, Inna kuma ta zuba mata ido. Mutane suna ta wucewa tsakaninsu da sallama da fara'a, ba wanda ya ga abin da take kallo. Ta zamo daga kujerar ta dafa bango za ta je. Hannunta ya bi tayil ɗin, na tsaya ina duba ko zai bar sawu. Bai bar komai ba, kamar ba wanda ya taɓa wurin.

Na ce, "Inna, tsaya in kafa miki a nan." Ba ta juyo ba. Na ɗora baki a tayil, ya dinga zamewa yana rawa, ya ƙi cizo. A ido biyu na san dabarar, sai ki manna 'yar takarda mai gam a wurin ki bi a hankali. Na laluba hijabina, babu. Na ɗaga kai in tambayi Anti Maryam, sai na ga falon ya cika da ruwa har idon sawu, butar tana yawo a kai ta nufo ni. Na sunkuya na ɗauka.

Ina ɗagowa sai kawai ga ni a gida, gaban bangonmu, buta a hagu inji a dama, ga Baba a tsaye.

Baba ya rasu tun ina amarya. Amma ga shi nan ba furfura, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ƙafafunsa duk jar ƙasa ɗanya kamar yanzu ya fito daga kwaɓin gini. Na ajiye butar a ƙofar ɗakin Inna inda take zama, na durƙusa na ce, "Baba, ina wuni?" Bai amsa ba, kuma ba fushi a fuskarsa. Ya dubi injin ya dube ni, gefen bakinsa ya motsa, irin yadda yake yi in na kawo sakamako mai kyau daga makaranta ba ya son ya yabe ni a gaban yayyena.

Ya juya ya fara ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, yana bin layin hannun Inna. Dum, dum, dum, kamar ana buga tulu. A wani wuri sai sautin ya canja ya zama ƙwas, a tsuke. Ya tsaya. Ya kamo kunnena a hankali ya kara shi a wurin, ya sake ƙwanƙwasawa. Na ji. Itace ne a ciki. Azara ce, irin ta giginya da maginan da suke binnewa cikin bango don ya yi ƙarfi. Ya lakato jar ƙasa daga ƙafarsa ya ɗiga a wurin. Ya ci gaba ina biye da shi, duk inda sauti ya canja sai ya ɗiga, har bangon ya yi ɗige-ɗige kamar an yi masa zanen lalle.

Da ya gama ya cire hularsa, ya zaro wani dogon bakin inji daga cikinta ya miƙo min. Na sa hannu biyu na karɓa. Da ɗumi. Na ce, "Baba, zai ɗauke ta? In ta saki nauyinta duka a kai fa?" Ya mayar da hularsa. Ya bi ta zaure ya fita, sawun ƙafarsa yana bushewa a bayansa.

Na kwance guntun bakin na ɗaura dogon, na murɗa har ya kama gam. Na ɗora a ɗigon farko. Ya wuce siminti, ya wuce ƙasa, sai na ji ya ci karo da abu. Injin ya sauya murya ya koma gurnani, hannuna ya ɗauki rawa har kafaɗa. Na tokare da ƙafa na danna. Garin da ya fito baƙi-baƙi ne mai zare-zare, da warin itacen da ya ji wuta. 'Yan uwa, daɗin da na ji a wurin nan ban san da me zan kwatanta muku shi ba. Na sa dogon noti, injin ya ɗaure shi har ya tsaya cak. Na kama shi da hannu biyu na ɗage ƙafafuna na yi lilo. Ko gezau.

"Auta, katangar za ki rushe mana da rana tsaka?"

Gwaggo Dije ce, maƙwabciyar Inna kuma aminiyarta tun suna amare. Akwai wata 'yar kafa a katangar da ta raba gidajen biyu, ta nan suke miƙa wa juna garwashi da daddawa da labarin unguwa. A mafarkin kafar ta dawo jikin bangon da nake aiki, kan Gwaggo ya leƙo ta ciki, goro a kumatu.

Na ce, "Gwaggo, ƙawarki nake ɗaure miki kar a sace ta."

Ta ce, "To ɗaure da kyau, 'yar nan. In aka tafi da ita da wa zan yi gulma? Da kaji?"

Ta miƙo min notuna ta kafar a cikin marfin kwano, kamar yadda take miƙo gishiri.

Na bi ɗigon Baba ina kafa 'yan ƙafafun da za su riƙe fayif ɗin. Aikin yana gudu, batir bai nuna gajiya ba, duk ramin da na huda sai in ji gurnanin nan na azara. Sai da na zo ɗora fayif ɗin na ga matsala. Ya yi tsawo, in na ɗaga nan sai can ya faɗi. Aikin mutum biyu ne. Na waiga ina neman Abban Amira, na hango shi can a kan soro yana ɗaga min caja yana murmushi. Na yafito shi, shi ma ya yafito ni.

Sai kawai na ji ƙarar mota a cikin zaure, inda ko babur da ƙyar yake shiga. Yaya Sani ya shigo da farar babbar riga, makullin mota a yatsa, adakar Inna ta aure a kansa. Bai riƙe ta ba amma ba ta faɗo ba. Idanunsa sun yi ja irin na wanda ya kwana yana tunani.

Ya ce, "Auta, wasan nan ya isa haka. Faɗuwa ɗaya ta ishe ni. So kike sai an kira ni an ce ta karye?"

A zahiri in Yaya ya yi irin wannan magana ƙasa nake kallo. A mafarkin ban ji ko ɗar ba. Na ce, "Yaya, riƙe min nan."

Ya dubi fayif ɗin ya dubi rigarsa. Ya tattare hannun rigar ya saɓa a kafaɗa, ya kama, ya ɗaga shi daidai ƙirjinsa.

Na ce, "Ƙasa, Yaya. Ba kai za ka dafa ba."

Ya sauke kaɗan.

"Ƙasa dai. Bi layin nan."

Ya sunkuya ya ƙura wa layin ido, ya daɗe. Ya ce, "Wannan mene ne?" Na ce hannunta ne. Ya sa yatsa ya shafa, ya ce, "Haka ta rage tsawo?" Noti yana bakina, na ci gaba da aikina. Adakar ta sauko daga kansa da kanta ta zauna a ƙasa.

Na fara ɗaurewa daga ƙofar Inna ina tahowa wajensa, shi yana riƙe da ƙarshen. Fayif ɗin ya dinga lanƙwasa kansa yana bin layin, inda ya sauka ya sauka, inda ya hau ya hau. Ina kan notin ƙarshe, dab da hannun Yaya, sai labulen ɗakinta ya ɗaga. Ta fito da tsohon zaninta na saƙi, ta sunkuya ta ɗauki butarta, ta ɗora hannun dama a kan ƙarfen. Ta ɗan jijjiga shi irin yadda take gwada sabuwar kujera kafin ta yarda ta zauna. Sannan ta taho, hannun yana zamewa a kai, kajin suna biye da ita.

Gwaggo Dije ta ce, "Ahayye, amarya ta fito!"

Inna ta ce, "Ke dai Dije har ki mutu ba za ki girma ba."

Na zaci in ta hango wanda ke riƙe da ƙarshen za ta tsaya ta juya fuska bango kamar kullum. Shi ma na ga yana neman janye hannunsa ya ba ta hanya, amma in ya saki ƙarfen zai faɗi, don ban gama ɗaurewa ba. Ya rasa yadda zai yi. Ita kuwa ta ci gaba da tahowa, har hannunta ya zo ya hau kan nasa. Ba ta janye ba. Ta ɗaga kai ta dube shi cikin ido ta ce, "Sani."

Wallahi tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ko wani Sanin ne daban, mai kayan miya ko ɗan maƙwabta, "mai sunan mutumin" take cewa. Ya fito mata a hankali, kamar zanin da ya daɗe a ƙasan adaka aka ɗauko shi ana warwarewa. Yaya ya durƙusa, hannunsa yana nan a ƙarƙashin nata.

Ta ce, "Sani, ni fa..."

Ni kuwa yatsana yana kan kunama. Notin ya shiga rabi, na ga in na bar shi haka ƙarfen zai yi lilo da su duka biyun, sai na danna. Injin ya ɗauki ƙara. Ina ganin bakin Inna yana motsi, magana take yi mai tsawo, Yaya yana gyaɗa kai hawaye na bin gemunsa, amma ban ji ko kalma ɗaya ba. Na so in saki, na ce bari dai ya ƙarasa shiga, saura kaɗan. Notin ya yi ta shiga ba ya ƙarewa. Ƙarar ta yi ta girma har ta cika gidan, ta canja, ta yi tsawo, sai kawai na ji ashe ladanin masallacin layinmu ne.

Na farka hannuna a dunƙule, yatsan a lanƙwashe. Fitilar caja ta koma koriya a kusurwar ɗaki. Na yi alwala na yi salla, na daɗe a kan darduma ina roƙa wa Baba gafara, Inna kuma lafiya da nisan kwana. Da Abban Amira ya dawo daga masallaci na kwashe labarin na ba shi. Ya ce, "Wato ni duk mafarkin nan caja kawai aka ba ni? Kuma a kan soro?" Na ce ai ka taimaka, ba caja ba aiki. Ya yi dariya, sannan ya ce, "Allah ya sa alheri ne. Amma ki kira Inna ki ji muryarta."

Na kira. Lafiyarta ƙalau, har ta sha kununta, tana faɗa wai an gusar mata da randa daga inda take. Na ce, "Inna, bangon nan na wajen randa, akwai azara a cikinsa?" Ta ce, "Da me kike zaton ya tsaya har yau? Ni na dinga miƙa wa babanku ruwa yana jera su." Na ce zan zo anjima. Ta ce, "Mutumin fa?" Na ce ya turo saƙo ya kamo hanya. Ta ce, "To."

Rabin mafarkin nan ba na neman fassararsa. Na sha jin ana cewa abin da mamaci ya ba ka alheri ne, ni kuwa da hannu biyu na karɓa. Na buɗe akwatin injin ɗazu, akwai wani dogon baki a gefe da ban taɓa ɗaurawa ba. Zan ƙwanƙwasa bango in saurara, zan bi sawun hannunta in bar tef a gida. Ƙarfen zai kafu kuma zai ɗauke ta, in sha Allahu, wannan ba na tantama.

Ƙarshen ne ya ɗaure min kai. Uwa ta kira ɗan farinta da sunansa a mafarki, me ke nan? Wata zuciyar ta ce min kunyar ce za ta kau, ta faɗa masa da bakinta cewa ba ta son barin ɗakinta. Wata zuciyar ta kawo min abin da ba zan rubuta ba, na yi a'uziyya na kore shi. Kuma me ya sa ni da na fi kowa son ta yi magana, ni ce na rufe maganar da ƙarar injina?

Ga akwatin nan a bakin ƙofa, ga fayif a jingine, batir a cike, na sa hijabina. Da niyyata in riga Yaya isa in gama komai. Yanzu kuwa ban sani ba, in ɗaure duka kafin ya iso, ko in bar ƙarshen a sake in jira ya zo ya riƙe min, in ɗauke yatsana daga kunama in yi shiru? Masu sani a cikinku, don Allah, me Inna take gaya masa?